Allon Kawu: yadda wani shagon ɗinki a Zango ya gwada Trello, ya ƙare a kan katako da ƙusa

Saura kwana uku Ƙaramar Sallah ta 2024, wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon kawuna da ke unguwar Zango a Damagaram. Ya yi sallama, ya ce ya zo karɓar kayan ƴaƴansa uku. Kawu ya ce a ba shi kujera. Aka shiga dube-dube, a ɗaga wannan ƙunshi, a zazzage wancan buhu. Can ƙarƙashin teburin yanka aka tarar da shaddar cikin ledarta, yadda ya kawo ta tun ba a ga watan azumi ba. Almakashi bai taɓa ta ba.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya karɓi ledarsa ya ce, "Malam, da tun farko ka ce mini ba za ka iya ba, ai da na gode maka." Ko kafin alƙalaminsa bai nema ba. Washegari Kawu ya bi shi da kuɗin har gida a Garin Malam, ya dawo bai ce wa kowa uffan ba.

Mu takwas ne a shagon idan an haɗa da ni. Kawu ke awo da magana da masu kaya. Akwai mai yanka, dattijo ne da suka fi shekara ashirin tare, kowa Baba yake ce masa. Sai masu ɗinki uku, mai surfani ɗaya, da yaron da ke guga da aike. Ni lissafi nake riƙe musu da yamma, in na taso daga nawa aikin.

Abin da ake da shi na ajiye bayani shi ne kaye, babban littafin awo: sunan mutum, awonsa, kuɗin da ya bayar, sai ɗan ƙyallen yadinsa da ake maƙalawa a gefe da allura. Littafin yana faɗa maka abin da ya shigo. Ba ya faɗa maka inda abin yake yanzu, ko an yanka, ko yana gun mai surfani, ko yana ƙarƙashin tebur. Wannan a kan Kawu yake, kan Kawu kuma a goman ƙarshe na azumi ba ya barcin awa huɗu.

Kawu ya ɗora laifin a kan wuta, kuma yana da hujja. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ta rufe iyaka, mu kuwa a wannan yanki layin da ke tasowa daga Katsina ta Gazawa muke sha. Sai cikin Maris 2024 aka maido, azumi ya riga ya kama. Zare da maɓalli da ake sarowa daga Kano duk sun yi tsada. Na ce masa, "Kawu, duk gaskiya ne. Amma almakashi ba ya cin kuran." Ya harare ni, can ya ce, "To kai da ka yi boko, kawo naka."

Gwaji na farko: allo a cikin waya

Nawa ɗin shi ne Trello, wanda na fara sani a Jami'ar André Salifou lokacin da muke aikin rukuni. Ga wanda bai taɓa gani ba: allo ne a fuskar waya ko kwamfuta, an raba shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kowane layi mataki ne na aiki. Kowane aiki kati ne. In aiki ya ci gaba, sai ka ja katin da yatsa zuwa layin gaba. Wani kamfanin Amurka, Fog Creek Software, ya fito da shi a 2011, sannan Atlassian na Ostareliya ya saye shi a 2017 a kan dalar Amurka miliyan 425. Yana da tsarin kyauta da ke ɗaukar allo har goma da mutum har goma, mu kuma takwas ne.

Na yi layi shida: an karɓa, yanka, ɗinki, surfani, guga, jiran mai shi. Kowane kati na sa masa hoton yadin, awo, da ranar alkawari. Mako biyun farko na ji daɗi ƙwarai. Wani Alhaji ya kira daga Agadas yana tambayar rigarsa, kafin Kawu ya gama "to, bari a duba" na ce tana gun mai surfani, Alhamis za a gama. Kawu ya dube ni kamar na yi duba a ƙasa.

Daga nan sai ra'ayoyi suka fara fitowa, kuma su ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Baba ƙaramar waya gare shi mai tocila, kuma ajami yake karantawa, ba boko ba. Bai yi musu da ni ba ko sau ɗaya. Rannan dai ina nuna masa a wayata abin da ke jiransa, ya ce, "Ɗana, abin da ba zan gani ba sai na roƙi wani ya nuna mini, ai ba nawa ba ne." Ya koma kan yankansa.

Masu ɗinkin suna da manyan wayoyi, biyu daga cikinsu sun yi lakwal har koleji, faransancin da ke jikin manhajar bai gagare su ba. Na ukun makarantar allo kawai ya yi, kuma babu Hausa a cikin harsunan manhajar. Amma ba harshe ne ya fi damunsu ba. Babban cikinsu ya ce mini, "Yaya, in na ɗauki waya Maigida ya ce ina wasa. In ban ɗauka ba kai ka ce ban matsar da kati ba. Wanne zan bi?" Hannun tela biyu duk suna kan yadi, ƙafarsa tana kan keke, wayar kuma tana can gun caji a shagon maƙwabci. Ga forfe, wato datar waya, wanda daga aljihunsa yake saye, kuma ya fi so ya ƙare a kan ƙwallo da a kan katin rigar wani.

Manhajar tana aiki ko ba rezo, in ya dawo sai ta daidaita kanta. Wannan abu ne mai kyau. Amma in mutum uku sun kashe data tun safe, abin da nake gani a wayata labarin jiya ne. Kafin wata ya cika, ni kaɗai ke matsar da kati: in zo bayan la'asar, in bi kowa da tambaya, in gyara allo. Wato na zama Kawu na biyu, kan da komai ke ciki, illa dai nawa yana da hotuna.

Sai aka yi mana rasuwa a Mirya na yi kwana huɗu. Da na dawo wata Hajiya ta kira, na duba waya na ce mata kayanta ko yankawa ba a yi ba, ta yi haƙuri. Ashe suna nan a goge cikin leda tun shekaranjiya, biki kuma washegari ne. Ta je kasuwar Dole ta sayi ɗinkakku. Laifina ne, ba na manhaja ba: na gaskata allon da na san babu mai taɓa shi sai ni. Kaye aƙalla ba ya yi maka alkawarin ya san inda kaya suke.

Na leƙa wasu. Asana, wanda Dustin Moskovitz, ɗaya daga waɗanda suka kafa Facebook, ya assasa da abokinsa a 2008, ya fi ƙarfin buƙatarmu. Abin da ya burge ni shi ne jadawalin nan mai sanduna a kwance da ke nuna aiki daga rana kaza zuwa rana kaza, irin wanda Henry Gantt ya yaɗa tun shekarun 1910, amma irin wannan a tsarin biya yake. Biyan kuma da dala ne, kan kowane mutum, kowane wata, ta katin banki. Ko mafi araha na Trello wajen dala biyar ne, kusan jaka uku na sefa ke nan, sau takwas. Kawu bai ce komai ba sai, "Litar man gurup nawa ke nan?" Janareta yake nufi.

Gwaji na biyu, a gurguje

Samarin suka ce a koma WhatsApp Business, tunda kowa na ciki. Yana da alamomi masu launi da ake liƙa wa hira: sabon oda, ana jiran biya, an biya, an gama. Wajen magana da masu kaya ba shi da na biyu, har yau da shi muke aiki, musamman saƙon murya da hoton rasit in an turo kuɗi ta Nita ko Amana. Amma alamar a jikin mutum take, ba a jikin riga ba. Alhaji mai kaya goma sha ɗaya hira ɗaya gare shi. Wane launi za ka sa masa in huɗu sun gamu, bakwai suna hanya? Rukunin da muka buɗe na shago kuwa, kafin Juma'a biyu ya cika da wa'azi da barka da Juma'a, saƙon "an gama wandon mai ruwan toka" ya nutse.

Katako

Ina karance-karance kan asalin wannan tsari na kati sai na ji kunya ta kama ni. Sunansa kanban, kalmar Japananci ce mai nufin allon sanarwa ko kati. A masana'antar Toyota ya samo asali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun injiniya Taiichi Ohno, kuma katin takarda ne na gaske da ke bin kaya daga hannu zuwa hannu. Masu haɗa manhajar kwamfuta sai cikin shekarun 2000 suka ara, su ma da yawansu a bango suka fara, da ƴan takardu masu liƙewa. Ashe abin da na ɗora wa mutane a waya kwaikwayon bango ne, ga bango kuwa muna da shi har huɗu.

Wani kafinta a Sabon Gari ya yanko mana falle ɗaya na katako, muka shafa baƙin fenti, muka ja layi shida da farin fenti, muka jera ƙananan ƙusoshi. A saman kowane layi babu rubutu, zane ne: tef ɗin awo, almakashi, keke, ƙwaryar zare, dutsen guga, leda. Katin daga kwalin shayi muke yankawa. A jikinsa lamba, ranar alkawari, da ƙyallen yadin a maƙale. Lambar kuma a rubuta ta da alli a bayan yadin kansa.

Ƙyallen nan shawarar Baba ce, kuma shi ne ran abin. Tela ba ya tuna kaya da suna, da yadi yake tunawa: "shaddar nan mai ruwan ƙasa", "atamfar mai ganye". Daga kan kekensa, ba tare da ya tashi ba, kowa na iya ɗaga kai ya gane abin da ke jiransa. Baba yana ƙara ɗan rubutunsa na ajami a bayan kati, irin "hannu ya fi tsawo" ko "mai shi ya yi ƙiba", samari suna nasu da boko a gaba. Doka biyu kawai muka sa: wanda ya gama shi ke cire kati ya rataya a layin gaba da hannunsa, kuma ba a taɓa yadin da ba shi da kati.

Muka fara bayan Babbar Sallah, lokacin da aiki ya yi sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da allon ya tona

Shekara da shekaru kowa a shagon, har da Kawu, ya yarda masu ɗinki ne ke jan ƙafa. Su ake yi wa faɗa. Da kakar biki ta zo bayan girbi, sai allon ya nuna wani abu dabam. Layin ɗinki kusan kullum da sauran ƙusoshi. Layin surfani kuwa ya cika, ana rataya kati uku-uku a ƙusa ɗaya, har suna faɗowa.

Allon a lokacin yana fuskantar ƙofa, daidai bencin da masu kaya ke zama. Wani mai jiran kayansa ya duba ya ce cikin raha, "Ashe ga inda gizo ke saƙar." Aka yi dariya. Mai surfani bai yi ba. Da yamma ya rufe kekensa, washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Na same shi a gida. Mutum ne mai kawaici, amma ranar ya amayar da abin da ke cikinsa. Ya ce wannan ba allo ba ne, tonon silili ne. Ya ce, "Kai ka san jamfar yaro mai ɗan aiki a wuya ko awa ba ta ci mini. Babbar riga kuwa kwana biyu nake kanta. A allonka duk kwali ɗaya ne. Sannan kekunansu na ƙafa ne, a ɗauke wuta ko a kawo, su ba ruwansu. Nawa in ba kuran sai in zauna ina kallonsa. Ina aka rubuta wannan a katakon?"

Ban sami abin cewa ba, domin duk abin da ya faɗa haka yake. A ganina nan ne masu yabon irin waɗannan alluna suke tsallakewa. Suna cewa amfaninsa shi ne kowa ya ga komai. To, a wurin da mutum ya fi tsoron kunya a gaban baƙo fiye da asarar kuɗi, "kowa ya ga komai" ba ƙaramar magana ba ce. Kuma allon yana ƙirga kati ne, ba ya auna wahala.

Kawu da kansa ya je ya ba shi haƙuri. Aka mayar da allon bangon ciki, bayan labule. Babbar riga aka ce ƙusa uku take ci, kaftani mai cikakken aiki biyu, ƙaramin aiki ɗaya. Man gurup aka ware shi don keken surfani kawai, guga ta koma dutsen gawayi in ba wuta. Sai abu mafi wuya: muka cire ƙusoshin layin surfani muka bar goma sha biyu rak. In sun cika, Baba ya daina yanka kaya masu surfani, ya yanka marasa aiki, in kuma babu ya huta. In cikar ta wuce kwana biyu, a kai rarar gun wani mai surfani a Birni, a biya shi kan kowace riga.

Wannan ƙayyadewar ita ce zuciyar kanban tun a Toyota: na gaba ke jawo aiki in ya sami sarari, ba na baya ke tura masa ba. A baki da sauƙi. Amma ka ce wa dattijon da ya shekara arba'in da almakashi ya zauna hannu rabbana ga yadi a gabansa? Baba ya ce mutane za su ce ya tsufa. Sai da ya ga da idonsa yankakkun kaya sun daina cakuɗewa, hannun wannan riga ya daina shiga ledar waccan, sannan ya sassauta. Yanzu in layin ya cika yakan ja yaron guga gefe yana koya masa yanka.

Azumin 2025, da maganar alfarma

Saura mutum ɗaya da allon bai kama ba, shi ne mai shagon. Kawu ba ya iya cewa a'a. Abokin sallarsa, surukinsa, ɗan liman, wanda ya taɓa ranta masa kuɗi, duk wanda ya zo ana saura kwana biyar sai ya ce, "Ajiye, Allah zai kawo sauƙi." Haka shaddar dattijon nan ta kwana talatin ƙarƙashin tebur, kullum ana tsallake ta da na mai alfarma.

Muka yi yarjejeniya kafin azumi: layin karɓa ƙusa arba'in, in sun cika sai wani ya fita wani zai shiga, kuma daga sha biyar ga wata ba a karɓar mai surfani. Alfarma ba mu hana ba, don wanda ya ce zai hana ta a Damagaram bai san garin ba. Mun ba ta ƙusa biyu masu jan fenti.

Ran ashirin ga azumi wani amininsa ya zo da kaya biyar. Ina zaune ina jiran in ji "ajiye". Sai Kawu ya kama hannunsa ya ɗaga labule, ya ce, "Alhaji, ga su nan. Zaɓi biyar da za mu cire, in kira masu su in ce kai ka ce." Alhajin ya tsaya yana bin ƙyallaye da ido. Ya nuna wani ya ce, "Wannan ai yadin marayun gidan maƙwabcina ne, ni na saya musu." Ya yi dariya, ya ce Kawu ya koyi wayo da tsufa, ya bar kayan a kan sai bayan Sallah. Daga baya Kawu ya ce mini abin da ya fi so game da allon ke nan: ba shi ke cewa a'a ba, katako ke faɗa.

Ba zan ce ya riƙe alkawari duka ba. Sau uku ya karɓi kaya ya sa a durowarsa ba kati, ya miƙa wa ɗaya daga samarin da dare a ɓoye. Kaya biyu da suka makara a Sallar, sai ranar idi da hantsi aka kai wa masu su, su ne waɗanda aka ajiye don a yi na durowa.

In ban da su, komai ya fita kafin daren Sallah. Karon farko tun da na san shagon ba wanda ya kwana a kan keke. Samarin sun sami idi, har suka je kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Amma kaya kaɗan aka karɓa a kan na bara, kuɗin da ya shigo ma ya ɗan ragu, sai dai ba a mayar wa kowa da kafin alƙalami ba. Ƙaramin cikin masu ɗinki har gobe bai yarda da tsarin ba, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba: kan kowace riga ake biyansa, shekara guda yake jiran azumi. "Yaya, ni barci na zo nema ko kuɗi?" Abin da Kawu ya yi shi ne ƙara masa ɗan abu a kan kowane kaftani, bai kai abin da ya rasa ba.

Katako ma yana da nasa. Ƙurar hunturu tana dusar da ƙyalle har ka kasa bambanta fari da ruwan madara. Ɗan maƙwabci ya taɓa shigowa ya jera mana katuna yadda ya ga sun fi kyau. Ba ya tuna baya, sai da muka sami gwangwanin madara muna zuba katunan da suka fita, ina ƙirgawa ƙarshen wata. Kuma ba ya amsa waya. Don haka ban goge Trello ba: kayan mutanen nesa, na Agadas da Yamai da Diffa, waɗanda ake aikawa a mota, a ciki nake bin su ni kaɗai, tun daga turo kuɗi har isar kaya, kuma a wannan aikin ban ga abin da ya fi shi ba. Kullum kafin a rufe shago yaron guga yana ɗaukar hoton allon ya turo mini.

Mai surfani, wanda ya yi yaji saboda allon, shi ne yanzu ke hana kowa taɓa ƙusoshinsa. Kwanan baya ya ce a ƙara masa biyu tunda ya fara koya wa ƙanensa, aka ƙara. Ni kuma na roƙi Kawu ya ba ni mabuɗin durowar nan kafin azumi mai zuwa. Ya ce zai duba. Har yanzu yana aljihunsa.